Cire Giyar Kamshaf In Ana Gyaran Inji A Gida

Da zarar an kawar da amfanin damina, gero da dawa sun shiga rumbu, sai hankalin manoman Dalijan da Gwandu da Kalgo ya koma fadama. Masu albasa su shiga gyaran fangali, masu shinkafar rani su kama neman iri, kowa kuma ya jawo injin ban-ruwansa daga ƙuryar ɗaki inda ya ke ajiye tun saukar ruwan sama. Lokacin nan ne a kan ga injuna a zaure da gindin itace, an yi musu filla-filla, ana wanke kayansu da kananzir.

A dā da jigo a ke ban-ruwa a ƙasar nan, mutum ya yini yana ja bai shayar da abin da ya wuce 'yan fangali kaɗan ba. Ƙananan injuna da rijiyoyin burtsatse sun yawaita ne da zuwan Shirin Fadama, wanda Gwamnatin Tarayya ta yi da taimakon Bankin Duniya a farkon shekarun 1990, watau kusan lokacin da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato a 1991. Noman shinkafar rani ya ƙara bunƙasa bayan da Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ran 17 ga Nuwamba 2015 ya buɗe shirin Babban Banki na ba manoma rance. Daga baya, ran 29 ga Mayu 2023, aka janye tallafin fetur, darajar naira kuma ta faɗi, sai mai da inji da kayan gyara duk suka yi tsada. Injin da a dā a kan jefar a sayi sabo, sai aka koma lallaɓa shi. Haka tsohuwar motar da ke kai buhunan albasa kasuwar Aliero ko Jega. Mutane da yawa suka koyi buɗe inji da kansu, su sake ringi da gasket a gida, su huta da kuɗin aiki.

Wannan abin yabo ne. Amma akwai wuri guda a cikin inji wanda ba ya yafe kuskure, shi ne inda giyar kamshaf ta ke. Ringi in an sa shi ba daidai ba inji ya yi hayaƙi, a sake buɗewa a gyara. Giyar kamshaf kuwa, in an cire ta da ganganci ko an mayar da ita a karkace, tana iya kashe injin ɗungum tun bugun farko. Inji kuma in ya mutu a watan Maris ko Afril, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40 a ƙasar Kebbi, shinkafa tana ciki ko tana fid da kai, 'yan kwanaki kaɗan na rashin ruwa sun isa su mai da wahalar wata uku ta zama ƙaiƙayi.

AIKIN KAMSHAF

Yawancin injunan da manomi ke hulɗa da su, na ban-ruwa da na niƙa da na tarakta da na mota, bisa tsari ɗaya su ke aiki, wanda wani Bajamushe mai suna Nikolaus Otto ya fito da shi a 1876. Fistin yana tafiya huɗu kafin inji ya cika aiki guda. Ya sauka ya zuƙo iska da mai. Ya hau ya matse su. Wuta ta kama, ƙarfinta ya turo shi ƙasa. Sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi. A injin dizal iska kaɗai ya ke zuƙowa, sai ya matse ta ta yi zafi a fesa mata mai. Kowace silinda tana da ƙofofi iri biyu, na shigar iska da na fitar hayaƙi, su ne a ke kira bawul. Abin da ke buɗe su shi ne kamshaf, watau wata sandar ƙarfe mai tozaye kamar tozon sa. In sandar ta juya, tozo ya zo ya tura bawul ya buɗe, in ya wuce sifirin ya mai da shi ya rufe.

Mai ban-ruwa ya san irin wannan aiki tun inji bai zo ba. Shi ne aikin yaron da ke bin ruwa da fartanya, ya buɗe bakin wannan fangali, ya toshe na wancan. In ya yi saurin toshewa fangali bai ƙoshi ba, in ya makara ruwa ya ɓalle. Kamshaf shi ne yaron nan a cikin inji, giyarsa kuwa ita ke gaya masa lokaci. Don haka ne kanikawa ke kiran wurin taimin.

Tun da tafiya huɗu na fistin zagaye biyu ne na karanshaf, bawul kuwa sau ɗaya ya ke buɗewa cikinsu, lalle ne kamshaf ya yi zagaye ɗaya sa'ad da karanshaf ya yi biyu. Shi ya sa haƙoran giyar kamshaf su ke ninki biyu na giyar karanshaf. To, mai karatu ya yi wannan ɗan lissafi. A ce giya tana da haƙori 40. Da'ira digiri 360 ce, kowane haƙori ke nan digiri 9 ne a kamshaf, watau digiri 18 a karanshaf. Ashe kuskuren haƙori ɗaya tak ba ƙarami ba ne. A ƙaramin injin fetur abin da za a gani shi ne wuyar tashi, da tari ta kafireta, da zafi, da shan mai, da rashin ƙarfin jan ruwa. A injin dizal da yawancin injunan motocin zamani abin ya fi haka muni, gama tsakanin kan fistin da bawul ba wani fili. In bawul yana buɗe sa'ad da fistin ya iso sama, sai su yi karo, bawul ya lanƙwashe, wani lokaci har fistin ya fashe.

A SAN IRIN INJIN TUKUNA

Hanya uku a ke haɗa karanshaf da kamshaf. Ta fari giya da giya, haƙori cikin haƙori. Haka ƙananan injunan ban-ruwa su ke, irin Honda GX160 da 'yan kwaikwayonsa na ƙasar Sin waɗanda suka cika kasuwa. Haka injin Perkins na taraktar Massey Ferguson ya ke, da tsohon injin niƙa irin Lister, wanda aka soma ƙerawa a Ingila wajen 1930, aka daina a 1987, amma masana'antun Rajkot a Indiya suka ci gaba da yin irinsa. Ta biyu sarƙa, kamar a Peugeot 504 wadda aka riƙa harhaɗawa a kamfanin Peugeot na Kaduna da aka buɗe a 1975, da babur irin Bajaj Boxer. Ta uku bel na roba mai haƙora, kamar a yawancin Volkswagen Golf na dā da tsofaffin Toyota Hilux na dizal.

Ita kanta giyar ba iri ɗaya a ke ɗaura ta a kan sanda ba. Wata tare aka yi ta da sandar, ba a raba su. Wata noti ke riƙe ta, da wani ɗan ƙarfe mai siffar rabin wata da a ke kira ki, wanda ke zaune cikin tsaga ya hana ta zamewa. Wata da injin matsi aka cusa ta, ba ta fita sai da irinsa. Wata kuma ba ta da ki ko kaɗan, bakin sandar ne aka fiƙe, ƙarfin noti ke riƙe ta, kamar a Golf na dizal. Irin wannan da an sassauta noti lokaci ya ɓace, sai da ƙarfen da aka yi musamman don kulle kamshaf a ke mai da shi.

Saboda haka tambayar fari ita ce, shin lalle sai giyar ta fita? Sau da yawa amsa ita ce a'a. Mai sake ringi ko metal ba ruwansa da raba giya da sanda. In ya zama dole kamshaf ya fito, galibi ya kan fito da giyarsa a jiki. Ana raba su ne kawai in haƙora sun cinye, ko sil ɗin da ke bayan giyar yana yoyon mai, ko za a sake sandar kanta. Abin da ba ya ciwo ba a tsaga shi.

KAFIN A TAƁA SIFANA

A wanke bayan injin sarai kafin a buɗe shi. A shimfiɗa tabarma ko buhu mai tsabta a cikin ɗaki ko zaure, gama ƙurar hunturu in ta shiga metal aikin faifan goge ƙarfe ta ke yi. A juye fetur da baƙin mai, a yi nesa da murhu da masu shan taba. A mota a cire kan batir, a ƙaramin inji a zare wayar fulogi. A tanadi gwangwanaye, notunan kowane sashe a nasu gwangwani.

Sa'an nan a kawo fistin na ɗaya can sama a tafiyar matsi. Nan mutane su kan ruɗe, domin fistin sau biyu ya ke zuwa sama cikin aiki guda, sau ɗaya yana matse iska, sau ɗaya yana korar hayaƙi. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce. A cire fulogi, a toshe ramin da babban yatsa, a juya inji da hannu ta wajen da ya saba juyawa. In iska ta turo yatsa, tafiyar matsi ce. A injin dizal a duba roka: in bawul duka biyu suna rufe, roka biyun suna da ɗan wasa, an sami wurin.

A nan ne alamun maƙera za su haɗu. A kan giya ɗigo ne da aka buga, ko ɗan layi, ko harafi. A mota ɗaya alamar tana kan fulin karanshaf, ɗaya a kan giyar kamshaf, kowace tana fuskantar tata a jikin inji. A goge baƙin mai a gan su da ido. Kada a dogara da su kaɗai, domin tsohon inji ya bi hannuwa da yawa, wani ma an buga masa alamun da ba na maƙera ba. A sa fenti fari a haƙorin giya da abokin haɗuwarsa, a bel ko sarƙa kuma a ɗiga a inda suka hau kowace giya, a ƙidaya haƙoran da ke tsakani a rubuta. Mai waya ya ɗauki hoto. Wannan aikin minti goma ne, amma shi ne rabin gyaran. Tun ran gini tun ran zane.

ƘARAMIN INJIN BAN-RUWA

Irin GX160 shi ya fi sauƙi. A kwance kan famfo, a warware fankar da ke kan karanshaf, a yi hankali da sil ɗin ruwa da ke bayanta, gama fuskarsa kamar tangaran ta ke, ba ta jimre faɗuwa. A buɗe murfin bawul, a sassauta roka, a zare sandunan nan biyu masu tura su don nauyin sifirin ya sauka daga kan kamshaf. A goge tsatsar bakin karanshaf don kada ta yage sil sa'ad da murfin gefe ke fita. A kwance notunan murfin, a bubbuga shi da icce, kada a cusa sukundireba a tsakani a ɓata fuskar da gasket ke zama.

Da murfi ya fita za a ga giya babba da ƙarama. A juya har ɗigon babbar ya fuskanci na ƙaramar. A karkata injin yadda tafet biyu da ke zaune kan tozaye za su ja baya, sai kamshaf ya zaro da hannu, ba guduma ba komai. Giyarsa ba a raba ta da shi. In ta lalace, duka a ke saye. Tafet kuwa kowane a yi masa shaida ya koma raminsa, domin ya riga ya saba da tozonsa.

A jikin giyar nan akwai wani ɗan ƙarfe mai lilo da siririn sifirin. Aikinsa shi ne ya ɗan ɗaga bawul ɗin hayaƙi sa'ad da a ke jan igiya, don matsi ya ragu, in inji ya tashi kuma gudu ya ture shi gefe. Injin da ke fizge hannu in an ja igiya, sau da yawa wannan ne ya maƙale, ko kuwa tazarar bawul ce ta yi yawa. A taɓa shi da yatsa a ga yana motsi yana komawa. Ƙaramar giyar da ke kan karanshaf kuwa da matsi aka sa ta. Wannan a bar ta inda ta ke, in ta lalace a kai wa bakanike mai injin matsi.

INJIN MOTA DA NA TARAKTA

A mota aikin ya fi tsawo. Notin fulin karanshaf da na giyar kamshaf suna da tauri ƙwarai, don haka a kan karya ƙarfinsu tun ba a sauke bel ko sarƙa ba. Amma kada a bar bel ko sarƙa su ɗauki nauyin sifana, sai haƙori ya tsallake ko bel ya tsage ta ciki inda ido ba ya gani. Kamshaf da yawa suna da wuri mai kusurwa shida a jikinsu wanda aka yi don sifana ta riƙe. Inda babu, a sami ƙarfe mai yatsu biyu da ke shiga ramukan giyar, maƙeri ko mai walda yana iya yin sa. Mutum ɗaya ya riƙe, ɗaya ya kwance. Cusa sukundireba cikin ramin giya a tokare ta da jikin inji shi ke fasa alminiyon kan silinda.

Bayan haka a sake duba alamu, a saki abin da ke ɗaure bel ko sarƙa, a sauke su. In sarƙa ce a ɗaure ta da waya kada ta zurma cikin kwanon baƙin mai. A kiyaye yatsu, gama sifirin ɗin bawul ya kan sa kamshaf ya yi tsalle da kansa da an sake shi. Daga nan doka ɗaya ce: kada a juya karanshaf shi kaɗai, kada a juya kamshaf shi kaɗai. In tilas sai an motsa kamshaf, a inji mai silinda huɗu a jere a fara mai da karanshaf baya rubu'in zagaye, fistin duka su tsaya a tsakiya, nesa da bawul. In an gama a daidaita kamshaf tukuna, sa'an nan a komo da karanshaf kan alamarsa.

Inji mai kamshaf biyu, giyar shigar iska dabam, ta hayaƙi dabam, ko sun yi kama a yi musu shaida. Waɗansu tsofaffin Toyota Corolla da Camry kuma suna da giya mai ɓari biyu da sifirin a tsakani, an yi ta don rage ƙara. Kafin a ɗaga kamshaf sai an ɗaura ɗan noti mai kaurin milimita 6 a ramin da aka tanada ya haɗe ɓarin biyu. In ba a yi ba sifirin ya warware, mayarwa ta zama wahala. In an gama haɗawa kuma kada a manta a cire notin. Sababbin motoci masu giyar da matsin baƙin mai ke juyawa, waɗannan ba na buɗewa a gida ba ne.

In noti ya fita giya ta ƙi motsi, nan a ke gane mai haƙuri. A zuba kananzir ko man sassauta tsatsa a bakin, a ba shi lokaci, ko kwana guda ne. A sami fula, watau ƙarfen nan mai ƙafafu da dogon noti a tsaka. A mai da notin giyar ya shiga zagaye uku ko huɗu don tsinin fula ya zauna a kansa, tiredi ya tsira, giya kuma kada ta yi tsalle in ta saki. A kama giyar ta ramukanta kusa da cibiya. Kama ta baki shi ke lanƙwasa ta ko ya karya haƙori. A ɗaure fula sannu sannu, a ɗan ƙwanƙwasa kan notinsa, a ƙara ɗaurewa. Galibi sai a ji ta saki da ƙara guda.

Guduma da kurfi su ne manyan abokan gaban kamshaf. Yawancinsu ƙarfen zubi ne, yana da tauri amma ba ya lanƙwasa, karyewa ya ke yi kamar tukunyar ƙasa. Dukan bakin sanda kuma yana tura ta baya, ta fasa farantin da ke tsare ta, ko ta ture murfin da ke bayan inji mai ya riƙa zuba ta inda ba a iya kaiwa sai an sauke giyabos. A injunan da aka cusa giya da matsi, farantin nan a bayan giya ya ke, ana kwance notunansa ta ramukan giyar, sanda da giya su fito tare, a kai su wurin injin matsi a Birnin Kebbi ko Jega. Kuɗin motar zuwa bai kai na sabon kamshaf ba.

Da giya ta fita a nemi ki nan take a ɗaure shi cikin tsumma. Ƙanƙane ne, in ya faɗa cikin rairayi ya tafi ke nan. Kada a yanka ƙusa a sa a madadinsa. Ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido.

Tarakta tana da ƙarin giya biyu, ta tsakiya mai haɗa sauran, da ta famfon dizal. Ita ma ta famfo tana da alamarta, in ta goce inji ya ƙi tashi ko ya riƙa farin hayaƙi. Injin Lister kuma yana da ƙusoshi masu kai ɗaya kauri ɗaya siriri, ta waje ɗaya kaɗai su ke fita. A duba da kyau a buga ta siririn kan. Wanda ya buga ta mai kaurin ƙara cusa ta ya ke yi.

DUBAWA DA SAYEN KAYA

A wanke giya a duba ta a rana. Haƙorin da ya yi tsini, ko ya ɓantare, ko ya yi ramuka, aikinsa ya ƙare. A duba tsagar ki, in ta buɗe giya za ta riƙa wasa lokaci yana gocewa. A shafa tozayen kamshaf da farce, a gwada tsayinsu da juna. Giya biyu da suka tsufa tare, tare a ke sake su, sabuwa a kan tsohuwa ba ta daɗewa. Haka sarƙa da giyoyinta. Bel kuwa, wanda mai ya jiƙa ko ya soma tsagewa ba a mai da shi, kuma a sake shi tare da boris ɗin da ke ɗaure shi.

Mai zuwa sayen kaya, ko a Birnin Kebbi ne ko Sakkwato ko kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ya tafi da tsohon a hannu da lambar injinsa a rubuce. Ya ƙidaya haƙora a gaban mai shago. Ya ɗora sabuwar giya a kan tsohuwa, tsagar ki a kan tsagar ki, ya ga ko alamun sun faɗa wuri ɗaya. Injunan kwaikwayo sun yi kama a waje, amma ba kullum kayan cikinsu ke shiga na juna ba. Ɗan kasuwa mai son ciniki ya ɗore shi ma ya kamata ya nemi ganin tsohon kafin ya miƙa sabo. Araha ba ta ado.

MAYARWA

Giyar matsi ɗumama ta a ke yi kafin a sa. Ƙarfe yana buɗewa da zafi: rami mai faɗin milimita 30, in zafinsa ya ƙaru da digiri 100, ya kan ƙaru da wajen milimita 0.036. Ido ba ya ganin wannan, amma ya isa giya ta zame ta zauna. A cikin baƙin mai mai zafi a ke ɗumama ta, a ɗauko da awartaki. Kada a sa ta a garwashi har ta yi ja, taurin haƙoranta zai tafi.

A shafa sabon mai a tozaye da mazaunin sanda. A sa ki, a sa giya, alama ta fuskanci alama. A ɗaure noti gwargwadon awon da maƙera suka faɗa, da sifana mai awo, ko aro ne a yi. A GX160 notunan murfin gefe awo 24 ne na niyutan-mita, na kwanrod kuwa 12. Tazarar bawul a injin nan, yana sanyi, milimita 0.15 ce a na shigar iska, 0.20 a na hayaƙi.

Sa'an nan gwaji mafi girma. Kafin a ja igiya ko a murɗa makulli, a cire fulogi a juya karanshaf da hannu zagaye biyu cikakku, a hankali. In ya tokare a tsaya nan take, kada a ƙara ƙarfi, bawul ne ya gamu da fistin. In ya wuce lafiya a duba alamun giya da na jikin inji, lalle su komo daidai. Fentin da aka ɗiga a bel ko sarƙa, da alamun giyar tsakiya ta tarakta, su ba su komawa wurinsu bayan zagaye biyu, sai an yi zagaye da yawa. Wannan ba laifi ba ne, kada a sake kwancewa saboda shi.

A zuba baƙin mai, GX160 wajen lita 0.6 ya ke ci. A cika famfo da ruwa kafin a tada shi, gama gudu a bushe yana ƙone sil ɗin ruwa. A waje a ke tada inji, hayaƙinsa a cikin rufaffen ɗaki yana kisa ba a ji warinsa ba. Bayan aikin awa 20 a juye man a sa sabo, daga nan kuma kowace awa 100. Tsohon mai kada a zubar da shi a fadama ko kusa da rijiya. Akawun ƙungiyar manoma da ke da inji ko tarakta ta haɗin gwiwa ya buɗe littafi, ya riƙa rubuta ranar gyara, da abin da aka sake, da awoyin aiki, don wanda zai buɗe injin a baɗi ya san inda aka kwana.

Wanda ya buɗe inji bai ga alama ba, ko ya tarar da giya marar ki, ko ba shi da fula, ya mai da murfi ya nemi bakanike. Ba abin kunya ba ne. Wanda kuma zai yi da kansa ya yi tun yanzu, tun iri bai shiga ƙasa ba, yadda in wani abu ya ɓace akwai sararin zuwa birni a komo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba da rani mai albarka, ya tsare manoma daga hasara, amin.